Daga Gudu Zuwa Gindin Dutsen Kukwaba: Yawon Sallar Wani Gida Da Ɗan Riƙonsu

Duk wanda ya fito daga tsakiyar birnin Abuja ya yi kudu, ya wuce Garki ya doshi Apo, ba zai daɗe yana tafiya ba sai ya tsinci kansa a unguwar Gudu. Kada mai karatu ya rikita ta da Gudu ta Jihar Sakkwato, wadda hedkwatarta take Balle, can wajen iyakar Nijar. Wannan Gudun tana ɗaya daga cikin gundumomin da aka sa a kashi na biyu na ginin birnin, tana maƙwabtaka da Apo da Durumi da Kaura. Ba ta da manyan gidajen Maitama, ba ta kuwa da cunkoson Nyanya ko Mararaba. Unguwa ce ta tsaka-tsaki, ta ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu.

Abu biyu aka fi sanin Gudu da su. Na farko kasuwarta, inda mai mota kan je neman taya, mai gini kuma ya je neman kayan lantarki. Na biyu makabartarta, wadda ita ce makwancin da yawa daga cikin mazauna birnin, manya da ƙanana. A nan ne aka binne Malam Abba Kyari, Shugaban Ma'aikatan Fadar Shugaban Ƙasa, ran 18 ga watan Afrilu 2020, kwana ɗaya bayan rasuwarsa. Tsakanin hayaniyar kasuwar da shirun makabartar nan mutanen Gudu suke zaman duniyarsu.

Kamar yadda aka sani, Abuja ba tsohon birni ba ne. Ran 3 ga watan Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammed ya sanar da jama'a cewa za a ɗauke babban birnin Tarayya daga Ikko a kai shi tsakiyar ƙasa, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Kwana goma bayan haka aka kashe shi. An yanki ƙasar daga jihohin Neja da Filato da Kwara, ƙasar da Gbagyi da maƙwabtansu suke noma tun kaka da kakanni. Sunan kuwa aro shi aka yi daga tsohon garin da Abu Ja, ƙanen Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa cikin 1828, sa'an nan aka mai da sunan garin Suleja. Sai ran 12 ga watan Disamba 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida, gwamnati ta taso dungum ta tare.

Masu tsara birnin ba su manta da wurin hutawa ba. Sun ware filaye da kwaruruka da gindin duwatsu domin shan iska, cikinsu har da yankin Kukwaba, wanda yake daura da babban filin wasa na ƙasa. A taswirar hukuma, lambar Kukwaba B00, ta Gudu B01, watau a takarda kusa da kusa suke. Amma ga magidancin da yake lissafin kuɗin makaranta da na haya, tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta takarda nisa ƙwarai. Akwai yaran da aka haifa a Gudu suka girma ba su taɓa taka wurin ba.

Gida Mai Auta

A wani gida na haya da ke bayan kasuwar Gudu akwai wani magidanci mutumin Zariya, mai sayar da tayoyi, da matarsa da 'ya'yansu mata biyu, da wani yaro ɗan shekara takwas wanda duk gidan ke kira Auta. Ba su suka haife shi ba. Mahaifinsa mutumin Gwoza ne, yana cikin dubban da suka tsere cikin 2014 sa'ad da 'yan Boko Haram suka kama garin. Ya fara sauka a sansanin 'yan gudun hijira na Durumi, daga nan ya sami aikin dako da gadi a shagon wannan magidanci, har amana ta shiga tsakaninsu. Matarsa ta rasu yaron yana goye, shi kuma ya bi ta yaron yana da shekara uku. A makabartar Gudu aka binne shi. Da aka dawo daga jana'iza ba wanda ya san inda danginsa suka watsu, sai maigidan ya ɗauki yaron a kafaɗa ya kai wa matarsa, ya ce, "Hajiya, ga amanar Allah." Ita kuwa ba ta ce komai ba, sai ta ɗora ruwan wanka.

Riƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin da, ɗan fari yakan tashi a hannun kakanni saboda kunyar da iyaye ke yi masa. In an yaye yaro akan kai shi wurin kaka ko gwaggo, wani lokaci ya zauna ke nan. Macen da Allah bai ba haihuwa ba, 'yan'uwa sukan ba ta ɗa ta riƙe, ta aurar da shi kamar nata. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga cikin 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi har ta ga aurensu. Sai dai riƙon da aka saba na jini ne, ɗan wa ko ɗan ƙane. Riƙon wanda ba a haɗa komai da shi ba, a cikin birnin da kowa ke ta kansa, shi ne abin da yake sa mutane magana.

Addinin Musulunci ya shimfiɗa wa al'amarin ƙa'ida. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi kansa maraya ya tashi, a hannun kakansa Abdulmuɗɗalibi, sa'an nan baffansa Abu Ɗalibi, ya kuma yi wa mai riƙon maraya albishir da kusanci da shi a Aljanna. Amma ayoyi na 4 da na 5 na Suratul Ahzabi sun hana a jingina ɗan riƙo ga wanda ba mahaifinsa ba, shi ya sa aka koma kiran Zaidu da sunan mahaifinsa Harisa. Saboda haka ɗan riƙo yana da ci da sha da sutura da tarbiyya, amma sunan ubansa yana nan, kuma ba ya gadon mai riƙonsa. Ƙofar da aka bar masa ita ce kyauta tun mai riƙo yana da rai, ko wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba.

Ta wajen dokar ƙasa kuwa, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda take aiki a Birnin Tarayya, ta buɗe hanya biyu, kowacce ta kotun iyali take bi: akwai riƙo, akwai kuma mai da yaro ɗa ɗungurungum har ya zama kamar haifaffe a idon doka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita cikin 1991, ta ambaci kafalar Musulunci da sunanta cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyaye. Wannan magidanci hanyar riƙo ya bi. A rajistar makaranta sunan mahaifin yaron aka rubuta, kuma tun yana ƙarami aka gaya masa gaskiyar asalinsa, don kada wata rana ya ji ta a bakin mai gori.

Hanyar Kukwaba

Sallar azumi ta 2024 ta faɗo ran Laraba 10 ga watan Afrilu, gwamnati kuma ta ƙara ran Alhamis cikin hutu. Shekara ce mai tsanani, gama tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu 2023 farashin komai ya yi tashin gwauron zabi. Duk da haka maigidan ya yi wa yara alkawari tun farkon azumi cewa duk wanda ya kai azumi goma za a kai shi wurin wasa. Auta ya kai goma sha biyu, ko da yake akwai biyu da 'yan'uwansa suke tantama a kansu.

A wannan Sallar an yi baƙuwa, yayar maigidan wadda ta zo daga Zariya, yara suna kiranta Gwaggo. Dattijuwa ce mai faɗa a ji a cikin dangi, kuma tun farko ba ta yi na'am da riƙon nan ba. Ba ta taɓa cin zalin yaron ba, amma ba ta taɓa kiransa Auta ba, sai dai ta ce "yaron nan". Da safiyar Alhamis ta ga an fito da shi cikin shadda iri ɗaya da ta ƙanenta, yadi ɗaya aka yanka, har hula. Ta dube su ta ce, "Malam, ka dai riƙa tunawa, ɗan wani sai ya girma yake neman gidansu." Maigidan ya ce, "Yaya, in ya nema ni zan raka shi." Ba a ƙara magana ba, aka shiga mota.

Daga Gudu suka hau babbar hanyar Nnamdi Azikiwe, wadda ta yi wa tsohon ɓangaren birnin zobe. Suka wuce Area 1, inda masu tallar lemo da ruwan leda ke bin motoci a guje. Can gaba sai ga babban filin wasa ya bayyana kamar an kife farar ƙwarya. An gina shi ne domin wasannin Afirka karo na takwas da aka yi cikin watan Oktoba 2003, yana ɗaukar mutum sama da 60,000, kuma cikin 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa masa sunan Moshood Abiola. Kusa da shi ga Ƙofar Birni, wadda duk baƙon da ya taso daga filin jirgin sama yake fara gani. A nan gindin duwatsun Kukwaba wurin wasan yake. An buɗe shi cikin 2007 da sunan Wonderland, daga baya aka sake masa suna Magicland, amma har yanzu direbobin tasi da yawa tsohon sunan suka riƙe.

Ba shi kaɗai ne wurin shaƙatawa a Abuja ba. Akwai dandalin Millennium a Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe ran 4 ga watan Disamba 2003, wurin ciyawa da ruwa da inuwa. Akwai wurin wasan yara da gidan namun daji a Asokoro, bayan Dutsen Aso. Akwai tafkin Jabi. Amma yaron da ya ji labarin lilo mai injin a bakin 'yan ajinsu, ba ciyawa yake so ya gani ba.

Asalin Irin Waɗannan Wurare

Wasan lilo dai tsohon abu ne, kowane ɗan ƙauye ya san igiya a reshen tsamiya. Abin da Turawa suka ƙara shi ne injin da tikiti. Wurin wasa mafi daɗewa da har yanzu yake aiki yana ƙasar Denmak, ana ce masa Bakken, asalinsa tun 1583. Cikin 1843 aka buɗe lambun Tivoli a birnin Kopenhagen. Cikin 1893, a babban baje kolin birnin Shikago na Amurka, wani injiniya mai suna George Ferris ya kafa wata ƙatuwar ƙafar ƙarfe mai juyawa da mutane, tsawonta kimanin mita 80, kuma har yau da sunansa ake kiran irinta. Sa'an nan cikin watan Yuli 1955 Walt Disney ya buɗe Disneyland a Kalifoniya, wadda ta zama abin koyi ga na baya. A nan Arewa kuwa, abin da yaran birni suka fara sani na yawon Sallah irin na zamani shi ne gidan namun daji na Kano, wanda Gwamna Audu Baƙo ya kafa a farkon shekarun 1970. Kafin wannan, kallon hawan Sarki da yawon barka da Sallah su ne shagalin yara.

Ranar nan bakin ƙofa ya cika maƙil. Ga 'yan mata da ƙunshi a hannu da anko, ga samari da sababbin huluna, ga iyaye suna ƙirga kawunan 'ya'yansu kamar makiyayi a bakin rafi. Ba Musulmi kaɗai ba, gama hutu na kowa ne: ana jin Hausa da Yarabanci da Ibo da Gbagyi da Turancin kasuwa duk a layi ɗaya. Rana ta take, irin zafin Afrilu na Abuja wanda yakan zo gab da saukar damina. Maigidan ya biya kuɗin shiga na mutum shida, sa'an nan ya tarar cewa kowane wasa da nasa tikitin. Ya koma gefe ya yi lissafi, ya yanke cewa kowane yaro wasa uku zai yi, ba ƙari ba ragi. Uwargidan kuwa ta riga ta yi dabara, ta ƙullo cincin da soyayyen naman Sallah a jaka.

Aka fara da dawakin da ke kewayawa suna hawa suna sauka bisa kiɗa. Babbar 'yar ta ce ta wuce wannan, ta bar wa ƙannenta. Daga nan sai motocin karo, waɗanda aka naɗe wa gindi da roba mai kauri, lantarki ke tuƙa su a cikin fili mai santsi, kuma daɗin wasan duka shi ne ka buge motar ɗan'uwanka. Auta ya shiga ɗaya, ƙaramar yayarsa ta shiga ɗaya, ya bi ta ya yi ta karo har ta yi rantsuwa sai ta rama a gida. Uwargidan tana bakin shinge tana ta salati, tana kiran, "Auta, a hankali! Yayarka ce fa!"

Wanda ya fi ɗaukar hankalin maigidan shi ne jirgin lilo, wani ƙaton kwalekwale da aka rataye a ƙarfe, yana zuwa gaba yana dawowa baya, kowane zuwa ya fi na baya tsawo, har waɗanda ke zaune a ƙarshensa su ga ƙasa a gaban goshinsu. Da yake sana'a ba ta ɓuya, shi ba sama yake kallo ba, ƙasa yake leƙe. Irin wannan jirgi taya ce take tura shi: akwai injin a ƙarƙashi mai juya taya, duk sa'ad da cikin jirgin ya zo wucewa sai ta goge shi ta ƙara masa ƙarfi, in an tashi tsai da shi kuma ita ce birki. Ya jawo Auta ya nuna masa, ya ce, "Ka gani? Abin da muke sayarwa ne yake ɗaga mutanen nan duka." Haka kuma jirgin ƙasan nan mai hawa da gangara, shi ba injin a jikinsa, sarƙa ce take jan sa zuwa ƙololuwar farko, sauran tafiyar duk nauyinsa ne ke yi.

Gwaggo ta sami benci a inuwa ta zauna da carbinta, ta ce ita ba ta ga dalilin da mutum da hankalinsa zai biya kuɗi a tsorata shi ba.

Ɓatan Yaro

Bayan an yi sallar La'asar jama'a ta ƙaru ninki biyu. Maigidan ya tafi layin tikitin wasa na uku, uwargidan ta raka 'yan matan sayen gugguru, aka bar Auta wurin Gwaggo. Wata tsohuwar maƙwabciyarta ta Zariya ta gan ta, suka tsaya gaisuwa da tambayar mutanen gida. Da ta waiwaya, ba yaro.

Wanda bai taɓa neman yaro a cikin taron Sallah ba, ba zai san yadda duniya take ƙuntata ba. Yara ɗari, rabinsu da farar shadda da hula. Maigidan ya yi wajen ƙofa, uwargidan ta yi wajen motocin karo, 'yan matan suka fashe da kuka. Amma wadda ta fi kowa ruɗewa ita ce Gwaggo. Dattijuwar da take tafiya da ƙyar saboda ciwon gwiwa, sai ga ta tana kutsawa cikin mutane, takalmi ɗaya a ƙafa, mayafi yana jan ƙasa, tana tare duk wanda ta gani tana cewa, "Don Allah ba ku ga ɗanmu ba? Auta sunansa, mai farar shadda." Ranar ce bakinta ya fara furta sunan.

Ashe yaron ya hango wani mutum ne daga baya mai shadda irin ta maigidan, ya bi shi har wajen ɗakin wasannin na'ura, sai da mutumin ya juyo ya ga ba shi ba ne. Wani mai gadi ya gan shi tsaye yana waige-waige, ya kama hannunsa ya zaunar da shi. Ya tambaye shi sunansa, ya faɗa har da na mahaifinsa. Ya ce, "Ina baban naka?" Yaron ya ce, "Ya rasu." Mai gadin ya ce, "To, da wa ka zo?" Ya ce, "Da Babana." Mai gadin ya yi shiru, yana tsammanin tsoro ne ya rikita yaron. Sai Auta ya ce, "Wancan shi ya haife ni, yana makabartar Gudu. Wannan shi ne Babana na gida." Sa'an nan ya karanto lambar wayar maigidan daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, gama uwargidan ta sa dukansu sun haddace ta kamar karatun allo.

Duka abin bai wuce minti ashirin ba. Da suka iso, maigidan ya yi wa mai gadin godiya, ya ɗan miƙa masa goron Sallah, shi kuwa ya maimaita musu amsar da yaron ya ba shi, kalma bayan kalma. Gwaggo tana tsaye tana haki, ta ji duka. Ta kama kunnen yaron kamar za ta murɗe, sai kuma ta sake, ta jawo shi jikinta, ta ce, "Ja'iri, ka kusa kashe ni." Ba wanda ya ce mata komai game da yadda aka yi ya kuɓuce.

Tikitin wasa na uku yana hannu, ba a mai da kuɗi. Aka ce Auta ya zaɓa, ya ce jirgin lilo, amma da Baba. Haka mai sayar da taya ɗan shekara hamsin ya cire hularsa ya ba matarsa, ya hau. Da jirgin ya kai ƙarshen tashinsa ana hango rufin filin wasa da duwatsu da motoci suna bin hanyar filin jirgin sama kamar tururuwa. Yaron ya ce ya ga duk wannan. Maigidan kuwa ya ce shi bai ga komai ba, idonsa a rufe yake yana kalmar shahada.

Maganar Da Aka Yi A Mota

Sun kamo hanyar gida gab da magariba, hadari yana haɗuwa ta gabas. Da suka shigo Gudu maigidan ya bi ta gefen makabarta kamar yadda ya saba yi kowace Sallah, ya rage gudu, yaron ya ɗaga hannu ya yi wa iyayensa addu'a, kowa ya shafa. Ba a jima ba yaran uku suka yi barci a kujerar baya, kan Auta a cinyar Gwaggo.

A nan ne ta ta da maganar da ƙanenta ya daɗe yana jin nauyin tayarwa. Mutumin da ya mutu ya bar mata da 'ya'ya mata biyu ba ɗa namiji, bayan an biya bashi an fid da wasiyya, matar tana da tumuni, watau ɗaya bisa takwas, 'ya'yan suna da biyu bisa uku, abin da ya saura kuma na 'yan'uwansa ne in iyayensa ba su da rai. Watau Gwaggo da kanta tana cikin magada, yaron da ke barci a cinyarta kuwa ba shi da ko allura. Ta san wannan sarai. Ta ce, "Malam, rai ba a bakin komai yake ba. Kafin in koma Zariya ka kira limamin unguwarku da shaidu, a rubuta abin da za ka bar wa Auta. A yi shi ina nan, don kada bayan ranka wani daga cikinmu ya ce bai ji ba." Maigidan ya ce, "To, Yaya." Ran Asabar aka rubuta.

Irin wannan gida ba shi kaɗai ne a Abuja ba. Rikicin Arewa maso Gabas da na 'yan bindiga a Arewa maso Yamma sun bar marayu masu yawa, wasu a sansani, wasu a gidajen marayu, wasu a hannun bayin Allah da ba wanda ya san da su. Masu riƙo da yawa sun tsaya ga ci da sha, sun bar sauran abubuwa uku da suke kare yaro in ƙasa ta rufe idonsu: takardar riƙo daga hukuma, sanar da yaro asalinsa da neman danginsa, da rubuta wasiyya gaban shaidu. Kowane ɗaya daga cikinsu bai kai wahalar yini guda a wurin wasa ba, amma rashinsa yakan jefa yaro kan titi rana ɗaya.

Ya kamata kuma Hukumar Birnin Tarayya ta tsare filayen shaƙatawar da aka ware tun farko, kada a bari gine-gine su cinye su, ta kuma samar da ƙananan wuraren wasa a cikin unguwanni irin su Gudu da Durumi, inda yaro zai je da ƙafa ba sai an yi tanadin wata guda ba. Masu hali da ƙungiyoyin da ke kai shinkafa gidajen marayu da azumi, da za su ƙara da ɗaukar yaran su fita da su ko sau ɗaya a shekara, da sun ba su abin da za su riƙa ba da labari a aji kamar sauran yara.

A daren nan aka yi ruwa a Gudu, ƙurar kasuwa ta kwanta, iska ta yi sanyi. Da gari ya waye ran Jumma'a aka buɗe shaguna, masu dako suka ci gaba da mirgina tayoyi, hutun Sallah ya ƙare. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya abin da suka bari, ya saka wa masu riƙon amana da alheri.